BABI NA UKU: TARKEN YADDA AKA KARANTA RUBUTUN HANNUN KYAFTIN CLAPPERTON

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo taƙaitaccen tarihin Turawan da suka ratsa ƙasar Hausa kafin kafuwar mulkin mallaka, tare da dalilan da suka sa gwamnatocinsu suka turo su. A wannan babi kuwa za a tsaya ne a kan littafi guda ɗaya, wato littafin tafiya wanda Kyaftin Hugh Clapperton ya riƙa rubutawa kullum a zuwansa na biyu, daga 1825 zuwa 1827. Za a dubi yadda aka karanta rubutun hannunsa aka mayar da shi bugaggen littafi har sau biyu, a 1829 da kuma 2005. Manufar babin ita ce a nuna cewa duk bugun da aka yi wa irin wannan littafi karatun wani mutum ne, kuma ingancin karatun ya dogara ga sanin harshe da sanin ƙasa, kamar yadda ya dogara ga kaifin ido. Wannan batu yana da muhimmanci domin masana tarihin Daular Usmaniyya sun daɗe suna kafa hujja da wannan littafi, kasancewar marubucinsa ya ga Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ido da ido.

3.1 Marubucin da Halin da Ya Yi Rubutu a Ciki

An haifi Clapperton a garin Annan na ƙasar Sikotilan a 1788. Tun yana yaro ya shiga aikin jirgin ruwa, daga baya ya zama hafsa a rundunar sojan ruwan Ingila. Zuwansa na farko ta hamada ne daga Tarabulus, tare da Denham da Oudney, inda ya isa Kano a watan Janairu na 1824, ya kuma shiga Sakkwato a watan Maris na wannan shekara. Bayan komawarsa gida, ofishin da ke kula da ƙasashen mulkin mallaka, a ƙarƙashin Lord Bathurst, ya sake turo shi. A wannan karon ya taso ne daga Badagiri a watan Disamba na 1825, ya bi ta tsohuwar Oyo da Kayama da Busa da ƙasar Nufe da Zariya, ya isa Kano a watan Yuli na 1826. A Sakkwato ya rasu ranar 13 ga Afrilu, 1827, kuma baransa Richard Lander ne ya ɗauki takardunsa ya kai su Ingila a 1828.

Idan aka yi la'akari da wannan tarihi za a ga abubuwa uku da suka shafi rubutun. Na farko, mutumin bai yi zurfin karatun makaranta ba, salon da ya saba da shi shi ne na littafin aikin jirgin ruwa, wanda ake cika shi da lokaci da alƙibla da yanayin sama, cikin gajerun jimloli. Na biyu, yawancin rubutun an yi shi ne a zango bayan doguwar tafiya, da alƙalamin gashin tsuntsu, sau da yawa kuma cikin zazzaɓi. Abokan tafiyarsa biyu, Pearce da Morrison, sun mutu tun ba a yi wata guda da barin bakin teku ba. Na uku, wanda shi ne mafi girma, marubucin bai rayu ya duba aikinsa ba. Littafin zuwansa na farko, wanda ya fito a 1826, an shirya shi ne bayan ya koma gida da ransa. Na biyun kuwa babu wanda za a tambaya idan kalma ta gagari karatu. Haka kuma a tsakanin Kano da sansanin Sarkin Musulmi an sace masa wasu kayansa, ciki har da littafin da yake rubutu, abin da ya bar giɓi a cikin labarin na 1826.

3.2 Ire-Iren Matsalolin Karatun

Ana iya kasa matsalolin da mai karanta wannan rubutu zai ci karo da su gida uku: matsalar hannu, da matsalar kunne, da matsalar ido. Wajibi ne a rarrabe su, domin kowace da maganinta.

3.2.1 Matsalar Hannu

Wannan ita ce wadda ta shafi siffar baƙaƙe a kan takarda. A rubutun hannun Turawan Ingila na wancan zamani, baƙaƙen da ake yi da gajerun sanduna, wato i da n da u da m, sukan haɗe su zama kamar haƙoran zarto idan marubuci yana sauri. Haka a da o sukan yi kama idan ba a rufe kan harafin ba. An kuma saba idan s biyu suka haɗu a ja ta farkon ta yi tsawo, har ta yi kama da f. Saboda haka sunaye irin su Houssa da Boussa, wato Hausa da Busa, suna iya rikita wanda bai san wannan al'ada ba. Bayan wannan akwai taƙaita kalmomi, da amfani da karan ɗori a madadin aya da waƙafi, ta yadda ba kullum ake gane inda jimla ta ƙare ba.

Idan kalmar ta Ingilishi ce matsalar ba ta da yawa, domin sauran jimlar za ta nuna abin da ake nufi. Inda gizo yake saƙa shi ne wajen sunayen garuruwa da na mutane da kuma lambobi. Alal misali, Clapperton ya halarci harin da rundunar Sakkwato ta kai wa Gobirawa a Konya a watan Oktoba na 1826, kuma sunan garin ya fito a bugun 1829 da siffar Coonia. Baturen da ke zaune a Landan, wanda bai taɓa jin sunan ba, ba shi da wata hujja daga cikin jimlar da za ta nuna masa ko harafi na huɗu n ne ko u. Haka abin yake ga lambobi. Idan aka ɗauki 1 a matsayin 7, ko aka rikita harafin da ke nuna alƙibla, to gari zai tashi daga inda yake a taswira ya koma wani wuri, jimlar kuma ba za ta nuna alamar an yi kuskure ba.

3.2.2 Matsalar Kunne

Ko da an karanta kowane harafi daidai, akwai sauran aiki, domin abin da Clapperton ya rubuta shi ne abin da kunnensa ya ji. A lokacin babu wata ƙa'ida ta rubuta Hausa da baƙaƙen boko. Littafin kalmomin Hausa na Schön bai fito ba sai 1843, ƙa'idojin Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, sai 1912, baƙaƙe masu lanƙwasa kuwa sai a shekarun 1930. Don haka ya yi amfani da ƙa'idar Ingilishi, inda oo ke wakiltar sautin u, ee kuma sautin i. Da wannan mabuɗi ake gane cewa Goobur Gobir ce, Ateeko shi ne Atiku ɗan'uwan Bello, goora goro ne, turkadee kuwa turkuɗi. Haka Zirmie Zurmi ce, Baebaegie Bebeji, Youri Yawuri, sansan kuma sansani.

Wani abin lura shi ne ko a wajen ƙasar Hausa, Hausa ce a kunnensa. Yana tare da tafinta Bahaushe mai suna Abubakar, wanda Turawa ke kira Pasco, kuma daga Kayama zuwa Kano hanyar fataken goro ya bi. Shi ya sa ya kira babban birnin Oyo da sunan Katunga, wanda suna ne da Hausawa suka ba shi, ya kira babban kogin Quorra, wato Kwara. Ƙasar Nufe ma Nyffe ya rubuta ta da f, kamar yadda Bahaushe ke furtawa, alhali masu ƙasar da p suke faɗin sunansu. Wannan ya nuna cewa mai karatun da ba ya jin Hausa zai sha wahala tun kafin labarin ya iso ƙasar Hausa.

Akwai kuma inda kuskuren ji ya zama kuskuren fahimta. A duk littattafan biyu ana kiran Wazirin Sakkwato da laƙabin Gadado, tare da harafin da Ingilishi ke sawa gaban sunan muƙami, kamar dai sarauta ce. Alhali kuwa sunan mutum ne, wato Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u. Ɗalibin da bai san wannan ba yana iya ƙirƙiro wata sarauta da babu ita, ko ya ɗauka Galadima ake nufi saboda kamannin baƙaƙen. A nan hannu bai yi laifi ba, mai bugu ma bai yi ba. Tarihin Sakkwato ne kaɗai zai warware.

3.2.3 Matsalar Ido

Ta uku ita ce ta shi kansa mai karatun. Ido yakan ga abin da zuciya take tsammani. Idan kalma ta dushe, mai karatu yakan cike ta da wadda ya sani, kuma da zarar ya cike ta sau ɗaya, haka zai riƙa ganin ta har ƙarshen littafi. Wannan ciwo bai bar Bature ba, bai kuma bar Bahaushe ba. Baturen yakan ja baƙon suna zuwa wata kalma ta Ingilishi. Bahaushen kuwa, saboda sanin da ya yi wa ƙasar, yakan yi gaggawar danganta sunan da garin da ya sani a yau, ya manta cewa garuruwa da yawa sun tashi, wasu sun sake suna, wasu kuma suna ɗaya gare su a wurare dabam-dabam.

Misalin da ya dace a nan shi ne Zegzeg da Kashna. Da ganin farko mutum zai ce Baturen ya kasa faɗin Zazzau da Katsina ne. Amma waɗannan siffofi sun girmi Clapperton, domin kusan haka sunayen suke a bakin Larabawa da rubuce-rubucensu, kuma Zegzeg tana cikin littafin Leo Africanus na ƙarni na 16. Clapperton ya yi mu'amala sosai da Larabawan Kano da Sakkwato. Ke nan siffar sunan shaida ce a kan wanda ya ba shi labarin. Wanda ya goge ta ya sa Zazzau a cikin matani da sunan gyara, ya ɓatar da wannan shaida.

3.3 Tarken Bugun 1829

Kamfanin John Murray na Landan ne ya buga littafin a 1829, John Barrow kuwa, sakatare na biyu a ma'aikatar sojan ruwa, shi ya kula da shirya shi. A cikin gabatarwa an bayyana ƙarara cewa rubutun ya zo a hargitse, ba a kiyaye ƙa'idar rubutu ko ta nahawu ba, kuma an ɗauki marubucin a matsayin mutumin da ba shi da ilmin makaranta. Wannan furuci yana da amfani ga manazarci, domin ya tabbatar da cewa an sa hannu a cikin matanin.

Ba za a ƙi yaba wa wannan bugu ba. Shi ne ya fito da labarin shekara biyu kacal bayan rasuwar marubucin, ya haɗa da labarin Lander na komawa bakin teku, da fassarar wasu takardun Larabci da Abraham Salamé ya yi. Kusan duk abin da duniya ta sani na tsawon shekara 176 game da wannan tafiya daga gare shi ya fito, har da bayanin yaƙin Konya da tsohuwar nan Bazamfara da ke bin mayaƙa tana shayar da su ruwa.

Duk da haka bugun yana da rauni ta fuska uku. Na farko, bai nuna wa mai karatu inda aka yi gyara ba. Kalmar da aka karanta da tabbaci da wadda aka cinka duk sun fito da baƙaƙe iri ɗaya, masu kyau, babu alamar shakka. Na biyu, sa aya da waƙafi a rubutun da ba shi da su fassara ce, domin inda aka tsayar da jimla yana iya sauya wanda ya yi aiki da wanda aka yi wa. Wannan yana da hatsari musamman a ɓangaren ƙarshe, inda aka sami saɓani tsakanin Clapperton da Sarkin Musulmi a kan wasiƙa da kyaututtukan da yake ɗauke da su zuwa ga Shehun Borno Al-Kanemi, a daidai lokacin da ake yaƙi tsakanin ɓangarorin biyu. A irin wannan wuri kalma ɗaya tana iya ƙara wa magana zafi ko ta rage. Na uku, waɗanda suka yi karatun ba su san Hausa ko Fulatanci ba, ba su kuma taɓa taka ƙasar ba. Shi kansa Barrow yana da sanannen ra'ayi a kan inda Kwara ta nufa, bai yarda tana faɗawa teku ta kudu ba, sai da Lander da ƙanensa suka bi kogin har bakin teku a 1830. Wannan bai isa a tuhume shi da sauya magana ba, amma ya isa a yi hattara da duk karatun da mai ra'ayi ya yi ba tare da ya nuna hujjarsa ba.

Ko sunan Sakkwato ya isa misali. A littafin 1826 Sackatoo aka buga, a na 1829 kuwa Soccatoo, har a kan bango. Marubuci ɗaya ne, gari ɗaya ne, mabugi ɗaya ne. Bugaggen shafi ba zai iya faɗin ko bambancin daga marubucin yake, ko daga mai shiryawa, ko daga mai jera baƙaƙe ba. Sai an koma ga takardar asali.

3.4 Tarken Bugun 2005

A 2005 kamfanin Brill na Leiden ya fitar da sabon bugu wanda Jamie Bruce Lockhart da Paul Lovejoy suka shirya. Waɗannan masana sun koma ga ainihin takardun da ke ajiye a ma'adanar takardun gwamnatin Ingila, suka kwafo su kamar yadda marubucin ya bar su, tare da wasiƙu da sauran takardun tafiyar, suka kuma yi sharhi a kan sunayen wurare da na mutane.

Fifikon wannan bugu a kan na farko bai tsaya ga haƙurin kwafa ba. Bruce Lockhart ya riga ya saba da hannun Clapperton, domin ya fitar da rubutunsa na Borno a 1996 da na hamada a 2000. Lovejoy kuwa masanin tarihin fataucin goro ne, littafinsa a kan wannan fanni ya fito a Zariya a 1980, kuma hanyar da ya nazarta ita ce Clapperton ya bi. Ɗaya ya san hannun, ɗaya ya san hanyar. Haɗuwar waɗannan sani biyu ita ce ta tabbatar da abin da wannan babi yake ƙoƙarin nunawa.

Amma shi ma wannan bugu yana da iyaka. Barin rubutun yadda yake ya sa karatunsa ya yi wa ɗalibi nauyi, ga shi kuma littafi ne da ba kowane ɗakin karatu ke da shi ba, alhali bugun 1829 yana samuwa kyauta a intanet. Sakamakon haka tsohon karatun ne har yanzu ya fi yawo. Bayan wannan, bugu komai kyansa ba ya nuna kaurin tawada, ko rawar hannun majinyaci, ko kalmar da aka soke aka rubuta wata a kanta, sai dai a ba da labarinsu. Sannan danganta tsohon suna da garin yau ra'ayi ne na masani, wanda ya kamata a auna shi da abin da mutanen wurin suka sani.

3.5 Matakan da Suka Dace a Bi

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da matakai biyar. Na farko, a fara da shafukan da suka fi fita, a tsara jadawalin yadda marubucin ke yin kowane harafi a farkon kalma da tsakiya da ƙarshe. Na biyu, a tattara duk wuraren da suna ɗaya ya fito a kwatanta su, domin abin da ya dushe a wani shafi yakan fita a wani. Na uku, a furta kalmar da ƙarfi bisa ƙa'idar Ingilishi, sannan a saurare ta da kunnen Bahaushe, tare da tuna karin harshen Sakkwato da Gobir da Katsina. Na huɗu, a gwada sakamakon da wasu shaidu: tsawon tafiyar yini da alƙiblar da marubucin ya bayar, da littafin Heinrich Barth wanda ya zo Kano a 1851 da Sakkwato a 1853 kuma ya fi kula da sunaye, da rubuce-rubucen masu jihadi irin su Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, da aikin Murray Last na 1967. Na biyar, duk inda shakka ta rage a nuna ta a fili, a bar siffar asali a cikin matani, a kai gyara gefe.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce ga wanda ya saba da rubutun ajami. Almajirin da ya san cewa a rubutun Magaribi ɗigon fa a ƙasa yake, na ƙaf kuma guda ɗaya ne a sama, ya kuma san yadda rashin wasali ke sa kalma ɗaya ta karantu ta hanyoyi uku, ya riga ya san cewa ba a karanta tsohuwar takarda sai da sanin hannun mai ita da sanin abin da take magana a kai. Malaman zaure sukan gwada kwafi da kwafi kafin su yanke hukunci, kuma wannan shi ne abin da rubutun Clapperton yake bukata.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an kawo halin da Clapperton ya yi rubutunsa a ciki, an kasa matsalolin karanta shi zuwa ta hannu da ta kunne da ta ido, sannan an auna bugun 1829 da na 2005. An ga cewa na farko ya sauƙaƙa karatu amma ya ɓoye inda aka yi cinke, na biyu kuwa ya matso da mai karatu kusa da asali saboda masu shirya shi sun haɗa sanin hannu da sanin ƙasa. Bisa ga haka, ya kamata manazarcin tarihi ko harshen Hausa da zai kafa hujja da wani suna ko wata kalma daga wannan littafi ya faɗi bugun da ya ɗauko ta, ya kuma gwada ta da wata shaida ta cikin gida kafin ya gina magana a kanta. A babi na gaba za a jero kalmomin Hausa da suka fito a cikin littafin, a dubi abin da suke nunawa game da furucin Hausa a farkon ƙarni na 19.